Masu Hannu da Shuni

Duk ɗalibin da ya taɓa cewa daga Kura ko Bunkure ya fito ya san abin da ke biyo baya a makarantar nan. "A'a, ashe ɗan shinkafa ne!" Kafin ka ankara an fara yi maka lissafin kwandon tumatir ɗin da za ka taho wa 'yan ɗaki da shi bayan hutu. Ni dai ba na jin haushi, don kuɗin rajistata na bana ma daga buhun shinkafa ya fito. Sai dai akwai abin da aka san mu da shi tun kafin shinkafa, kuma kowa a nan yana ambatonsa bai sani ba.

In ƙungiya za ta yi taro aljihu ya yi ƙasa, me shugabanni ke cewa? A rubuta takarda a kai wa masu hannu da shuni. To me ya haɗa dukiya da shuni? Yadda na taso na ji a gidanmu, a da in ka ga tafin hannun mutum ya yi dusu-dusu da shuɗi, to ya taɓa tufar da ba kowa ke iya saye ba: kore, ko turkuɗi, ko rawani ɗan Kura. Irin waɗannan kaya shuninsu zuba yake yi, ya kama hannu, ya kama wuya da goshi. Mai farar taguwa kuwa hannunsa fes yake kwana. Wannan shunin da ya zama sunan arziki, mai yawa daga cikinsa a ƙasarmu aka dama shi aka buga shi.

Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma saƙa da rini sun ɗauke masa hankali ƙwarai. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus, suna kaiwa Timbuktu. A ƙiyasinsa Timbuktu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300 a shekara, na wuri miliyan 60, cinikin tufafin gaba ɗaya kuma ya kai wuri miliyan 300. 'Yan birni in an taɓo wannan zance sai su ja ka Ƙofar Mata su nuna maka 1498 a bakin marina. Ba ma ja da su. Amma birni kasuwa ne. Ramukan rini da yawa a garuruwan karkara suke, kuma in ana maganar turkuɗi Kura ce a gaba. Saƙa ce siririya, faɗinta bai fi na yatsa ba, a jera gommai a ɗinke su gefe da gefe, a rina har ta yi baƙi, sannan a kai wa mabuga su buga mata shuni har ta riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Buzaye ne manyan masu saye, alasho suke ce mata, kuma har gobe Buzun Agadas in zai yi kwalliyar biki ita yake naɗawa. Turawa na kiran su shuɗɗan mutanen Sahara saboda launin da ke kama musu fuska. Su suka yi suna, mu muka sha warin baba.

Baba nake nufi na rini, ba na gida ba. Rubutun boko bai raba su ba, sai dai baki.

Sai ruwa ya zo. An gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko, aka ja ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin. Alheri ne, babu mai musu, da shi aka yi wa gidanmu rufin kwano. Amma mutane in suna lissafa abin da ya kashe karofi sai su ce galura da atamfar kanti, su tsaya nan. Ni ina ƙarawa da ruwan Tiga. Rini da saƙa sana'o'in rani ne. Manomi ya kai amfani gida, sai ya koma bakin rami ko ya miƙe zarensa har faɗuwar ruwa. Da kanal ta zo, rani ya ƙare a ƙasarmu: alkama da tumatir da albasa da sanyi, shinkafa da damina, babu watan da hannu ke sakewa. Kuma wa zai ba baba kunya ɗaya a gonar da tumatir zai kawo kuɗi cikin wata uku?

Kakana na wajen uba marini ne ɗan marini. A bayan gidanmu akwai filin da har yanzu ake kira karofi, ko da yake yaran yanzu sun ɗauka sunan unguwa ne kawai. Ya ce da ƙuruciyarsa ramukan sun fi arba'in, in ka taho da safe tun daga nesa wari zai tare ka, ga ƙarar bugu kamar ana kiɗa. Yau uku suka rage da baki a buɗe, duka nasa. Biyu sun zama juji. Na tsakiyar ya rufe shi da langa-langa ya ɗora dutse, shekara goma sha ɗaya ba a zuba masa ruwa ba.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da gonakin gida, kuma so yake a cike ramukan a kafa injin casar shinkafa a wurin. Kada wani ya ɗauka shi ne mugu a labarin nan. Filin yana bakin hanya, wuta na kusa, mutum ashirin da wani abu ke ci daga hannunsa, kuma bara akuyar maƙwabta ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan. Da yaro ne fa? Duk sanda ya tayar da maganar sai Kaka ya ce, "Ku bari in mutu tukuna, ai ba nisa." Baffa ya yi shiru, don ba a ja-in-ja da uba, amma kowa ya san shirun na jira ne.

Ni kuma ina ajin ƙarshe na difuloma a sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje, lokacin zaɓen furojet ya yi. Kun san yadda abin yake: a auna ruwan leda, a auna ruwan rijiya, a sake auna wani ruwan ledar. Na je wa malamin da ke duba aikina da maganar karofi. Ya cire tabarau ya ce, "Kana da wanda ya iya haɗawa, ko a littafi za ka kwafo?" Na ce ina da shi, ya haura tamanin. Ya ce, "To me kake jira a ofishina?"

Da na kai wa Kaka maganar sai da ya gama yi mini dariya. "Kai ɗan boko, ramin da ubanka ya gudu ya bari, da shi za ka ci jarrabawa? Da wannan hannun naka mai kama da na amarya?" Na ce, "Tsoho, in tsoro kake ji kada a gane ka manta, faɗi gaskiya." Wasan jika da kaka ya fi roƙo aiki. Washegari bayan asuba na tarar ya ɗage langa-langar yana leƙa ciki.

Kwana huɗu muna yashe rami. Zurfinsa ya kai tsayin mutum biyu, bangon kuwa sumul, ko tsaga babu. Laso ne, simintin marina, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Katsi shi ne lakar da ke kwantawa a gindin rami in baba ya mutu. A kwashe, a cura, a shanya, a ƙona, wani a yi laso da shi, wani ya koma cikin sabon haɗi. Babu abin da ake zubarwa. Masu koya mana sarrafa shara su zo su gani.

Baba ne ya ba mu wahala. Ƙasar da ta rina Sahara, sai da na shiga birni na sayo busasshe buhu biyu. Muka cika ramin da ruwa, aka zuba toka da ƙonannen katsi, aka zuba baba, aka rufe. Bayan kwana uku muka tsame karare da ganye, daga nan kuma sai muciya safe da yamma. Kaka na zaune a kan turmi yana ba da umarni, ni ina tuƙi, ina ɗibar ruwa a kwalba ina aunawa.

Ga abin da ke faruwa a ciki, gwargwadon yadda zan iya faɗa ba tare da allo ba. Tsinki ɗanyen ganyen baba ka duba, babu shuɗi a cikinsa ko ɗigo. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi mai suna indikan, wanda ke manne da sukari. In ganye ya jiƙa ya fara ruɓewa sai sukarin ya ɓalle, abin da ya rage ya gamu da iskar oksijin, su riƙa haɗewa biyu-biyu, su zama indigo. Shi ne shuni. Matsalar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa. Ka yini kana dama shi, gari ne kawai ke yawo. Ka tsoma farin ƙyalle ka ɗauraye, zai fita kamar ƙura. To ta yaya abin da ba ya narkewa zai shiga cikin zare?

Nan ne aikin rami. Toka da katsi suna sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa. A ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, tsami na ƙasa kanwa na sama, ramin da ke da lafiya yana zama wajen 10 zuwa 11. A cikin irin wannan ruwa, can ƙasa inda iska ba ta kaiwa, akwai bakteriyar da nan ne gidansu. Suna cin abin da ya saura na ganye, oksijin ɗin ruwan ya ƙare, sannan su miƙa wa shuni ilektoron guda biyu. Da ya karɓa sai ya canza hali: ya bar shuɗi ya koma ruwan ɗorawa mai ratsin kore, kuma ya narke. A wannan halin yake kutsawa cikin auduga. Ka ɗaga ƙyallen sama, iska ta buge shi, oksijin ya ƙwace abin da bakteriya suka bayar, shuni ya koma shuɗinsa ya koma ƙin ruwa, amma yanzu yana cikin zare, ƙofa ta rufe a bayansa. Shi ya sa marini ba ya yarda a fantsama ruwan rami ko a yi masa tuƙin tuwo, don duk iskar da ta shiga asara ce. Shi ya sa kuma ake rufe shi da dare, kuma da hunturu yake nawa, don halittun da ke ciki ɗumi suke so.

Ranar kwana tara kumfa ta taru a sama, shuɗiya mai ƙyallin ja, Kaka ya ce, "Ya tashi." Muka tsoma farin yadi. Da na ɗago shi kore ne shar, kamar ɗanyen ganye. Ina riƙe da shi, ina kallo, gefuna suka fara duhu, duhun ya riƙa ci yana shiga tsakiya, kafin minti biyu ya zama shuɗi. Wallahi na san lissafin abin, na rubuta shi a jarrabawa, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Yaran unguwa da suka kewaye mu suka ɗauki ihu, wani ya ruga gida yana cewa Kaka ya yi tsafi. Na tambaye shi ko wannan ne ya sa ake kiran baƙar riga kore alhali kore launin ganye ne. Ya ce in tambayi malaman Hausa, shi rini ya iya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awo. Ni ina da mita da kwalabe da littafi, shi yana da hanci da harshe da ido. Wata safiya ya lakato ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Ya yi sanyi, toka yake so." Na tsoma mita ta nuna 9 da 'yan kai. Wata rana ya murza ruwan tsakanin yatsu ya ce ya yi zafi, a ƙara ruwa a bar shi ya huta. Mita ta doshi 12. Sati biyar muna haka, ban ga ranar da suka saɓa ba. Mita tana buƙatar batir da ruwan daidaitawa, in ta lalace a sayo wata. Harshen Kaka shekara sittin aka yi ana daidaita shi, kuma a unguwarmu babu na biyunsa. Sai na ware shafi, gefe ɗaya kalmarsa, gefe ɗaya lambata, har da launin kumfa da irin warin. Shafin nan ya haifi talatin da wani abu, kuma a ganina sun fi sauran furojet ɗin daraja, ko da wane maki aka ba ni.

Me ma ya sa yake shuɗi? Hasken rana da muke gani fari gauraye ne. Tun 1666 Isaac Newton ya raba shi da gilashi mai kusurwa uku ya fitar da launukan bakan gizo. Idonmu yana ganin haske mai tsawon zango daga wajen nanomita 400 zuwa 700. Shuni yana shanye wanda ke wajen 600 zuwa 620, wato ruwan goro da maƙwabtansa, ya maido mana da saura, ido ya karanta shuɗi. Launin da kake gani a tufa shi ne wanda ta ƙi ci. Da na narkar da samfurin na sa a na'urar auna shan haske ta ɗakin gwajinmu, layin ya hau tudu daidai wurin. Tsomi ɗaya shuɗin sararin sama, biyar shuɗi sosai, in ka wuce goma tufa ta cinye haske har ido ya ce baƙi. Marina ma baƙi suke ce masa.

Walƙiyar turkuɗi kuma daga bugu take. Mabugi zai shimfiɗa tufa a kan gungume, ya yayyafa garin shuni da ɗan danshi, ya yi ta dukanta da ɗan bugu har zaren ya kwanta, shunin ya manne a sama ya zama ɓawo sumul. Irin wannan ɓawo yana maido haske kamar ƙarfe, kuma abin da yake fi maidowa daga fuskarsa shi ne ɓangaren ja da ruwan goro, shi ya sa kake ganin baƙin rawani yana ƙyallin jan ƙarfe a rana. Wannan na saman bai shiga zare ba, dukansa aka yi ya zauna. Shi ne ke bin hannun mai shi.

Akwai wani ɓangare na ilimin launi da ba ya cikin rami, yana cikin ido. A birnin Faris akwai tsohuwar masaƙar gwamnati mai suna Gobelins, inda ake saƙa manyan dardumai na bango masu hotuna. A 1824 aka naɗa masanin kemistiri Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rininta, ya tarar masaƙa na ƙorafi cewa baƙin zaren da ake ba su ba ya baƙi sosai. Ya auna, ya kwatanta da na wasu wurare, ya ga rinin lafiyarsa lau. Maƙwabci ne ke ɓata shi: baƙi in ya zauna kusa da shuɗi mai duhu sai ido ya gan shi ya koɗe. Kowane launi yana tura na kusa da shi zuwa ga kishiyarsa. A 1839 ya fitar da littafi guda a kan wannan, masu zane na Turai suka yi ta amfani da shi. Da na ba kakata labarin, ita da ta yi kaɗi har idonta ya gaji, sai ta ce, "Maigida, wannan har sai an rubuta littafi? Ɗauko mini saƙin kakanka." Ta ce in duba kusa: baƙin zare da fari-fari, ƙananan gidaje. Ta ce in ja da baya. Sai ga wani launi mai kama da gashin zabo, wanda babu shi a ko ɗaya daga cikin zaren biyu. Masu ɗinkin hula ma da wannan suke cin abinci.

A tsofaffin dardumai na Turai za ka ga itatuwa da ciyayi shuɗɗa. Ba haka aka saƙa su ba. Kore suke haɗawa da rini biyu, shuɗi da rawaya, rana ta cinye rawayar ta bar shuɗin. Wannan ya sa na gwada sauran rinin gargajiyarmu, na rina ƙyallaye na shanya a rufin hostal sati uku, rabin kowanne a rufe da kwali. Gangamau ya fi kowa kyau ranar farko, ya riga kowa gudu. Zoɓo ko wanki ɗaya bai jure ba, sabulu na taɓa shi ya koma ruwan toka. Lalle da ke kama fata kamar me, a auduga sai ya yi sanyin jiki, don da furotin yake ƙawance, irin na fata da gashi. Yawancinsu sai an fara jiƙa yadin da alif, shi ne ke riƙe launi da zare hannu bibbiyu. Bagaruwa da ruwan tsatsa suka ba da baƙi mai taurin kai. Karan dafi na bar wa dukawa, don a fatar akuya yake nuna kansa. Da shi ake rina jar fatar da ta riƙa tsallaka Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Baba kuwa da ƙyar za ka gane inda kwalin ya tsaya. Wanda ke son ganin kemistiri a ɗakinsa ya jefa kanwa a kofin zoɓo, ko a ruwan gangamau, ya ga dalilin da ya sa ake ce mata uwar gami.

Yanzu ga inda ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana neman haɗa kwinin sai ya faɗa kan rini, aka buɗe ƙofar galura. Adolf von Baeyer na Jamus ya haɗa indigo a ɗakin gwaji, ya gano tsarinsa a 1883, kamfanin BASF ya fito da shi kasuwa a 1897. Kafin shekara ashirin noman baba a Indiya, wadda ke ciyar da kasuwar duniya, ya durƙushe. Wandon jins ɗin da ke jikinka da shi aka rina. Kuma na ganye da na masana'anta ƙwaya ɗaya ce, babu mitar da za ta ce wannan ya fi wancan asali. Na ganye dai yana tafe da 'yan rakiya, kamar indirubin mai ja-ja, su ke ba shi ɗan ɗumi a ido.

Bambancin da ya dame ni yana wajen narkarwa. Abin da bakteriya suka yi mana a kwana tara, mai rinin zamani yana yin sa cikin mintuna da soda mai ƙuna da hodar haidiros a cikin durom. Duk wanda ya bi ta lungun masu rinin shadda ya ji yadda warin ke shaƙe maƙogwaro, ya ga ruwan da ke bin kwata. A birni wannan matsalar kwata ce. A wajenmu kwata ba ta da nisa da kanal, kanal kuwa ita ke shayar da tumatir da latas ɗin da kuke saye a bakin get. Ruwan tsohon rami ma ba na sha ba ne, yana da kaifi, amma toka ce da ganye. Ga shi baba ɗan gidan su wake da gyaɗa ne, saiwarsa na tara wa ƙasa naitirojin, kuma ba ya cin ruwa kamar shinkafa. Wanda ya san kuɗin buhun taki a yau, ya kuma san gonakin ƙarshen kanal inda ruwa ke isa a makare, zai gane inda na dosa.

Na yi lissafin kuɗi kuma bai yi mini daɗi ba. In shaddar Sallah za a rina, rami ba zai taɓa kamo durom a araha ba. Kasuwarsa ƙarama ce: Buzaye masu neman alasho na gaske, baƙi masu yawon buɗe ido, da masu ɗinkin zamani da ke neman abin da ba a samu a kanti. Ƙarama ce, amma tana biya, in an san hanyar kai mata. Mu hanyar ce ba mu sani ba. Fataken da suka san ta sun mutu, jikokinsu dillalan tumatir ne.

Daren da zan dawo makaranta aka zauna a tabarma bayan lisha. Baffa ya juya yadin da muka rina, ya sake juyawa, ya ce, "Ɗana, na gani, ya yi kyau. Amma kyau ba ya sayen taki." Na ce, "Haka ne, Baffa." Ya ce zai cike biyu ya kafa injinsa, wannan babu fashi. Ɗaya zai bari a yi masa murfin ƙarfe da kwaɗo, har zuwa girbin shinkafar baɗi. Zai kuma ba ni kunya shida a ƙarshen gona, inda ruwa ke wahalar kaiwa, in shuka baba. In ramin ya fitar da kuɗin kansa da na yaron da ke tuƙa shi, ya zauna. In bai fitar ba, kada in zo masa da zancen nanomita. Kaka bai ce uffan ba har aka shafa fatiha, sannan ya ce, "Na tsakiya za ku bari. Na ubana ne."

Don haka ina cigiya. Ina neman ɗan sashen zane da ɗinki wanda zai iya fitar da abin da mutum zai gani ya zaro kuɗi. Ina neman ɗan kasuwanci da ya iya talla a waya, ba mai dogon turanci ba. In akwai ɗan aikin gona da ya san tazarar da ake ba baba da lokacin yankansa, ya taimaka, don Kaka ya ce shi saye yake yi, bai taɓa nomawa ba. Ba ni da abin biyan kowa, sai dai shinkafa da tumatir, waɗannan kam akwai. Ana samuna a ɗakin gwaji na biyu ranar Talata da Alhamis bayan azahar.

Tuƙin yanzu yana hannun ɗan Baffa mai shekara goma sha huɗu, ladansa katin waya duk Juma'a. Iri na samu mudu ɗaya, yana ƙarƙashin gadona a hostal cikin gwangwanin madara. Jiya da daddare yaron ya kira ni ya ce kumfar ta koma fari-fari, Kaka kuma tari ya hana shi fitowa kwana biyu, sai ruwan ake kai masa ɗaki a moɗa yana ɗanɗanawa. Ya ce a ƙara toka ƙwarya ɗaya a rufe, kada a taɓa sai jibi. Na duba littafina, shafi na sha tara, haka muka yi wancan karon. Ina da jarrabawa ranar Litinin, in na fito zan hau motar Kura.